Damuwar 'Yan Jami'a: Ciwo Ne Ko Sangarta?

Wai ɗalibin da ya ce damuwa ta hana shi karatu, ciwo ne yake damunsa da gaske ko kuwa sangarta ce irin ta yaran zamani? Tambayar da take dawowa kenan duk lokacin da aka kafe sakamakon semesta, ko aka ji wani ya tattara ya bar makaranta ba sallama, ko an ɗauko wata daga hostal tana sambatu. Nan take za ka ga Facebook ya rabu gida biyu. Wasu su ce raunin imani ne kawai, mu da muka yi karatu da fitilar ƙwai me ya same mu, wasu kuma musamman matasa komai ya same su sai su ce difireshan, ko data ce ta ƙare. Ni dai a ganina duka biyun akwai inda suka kauce, kuma wanda yake kwana a ciki shi ne yaron da yake tsakiya, bai kai a ce ya haukace ba amma kuma wallahi ba lafiya gare shi ba.

Mu fara rarrabe abubuwan tukuna

Matsalarmu ta farko a gida matsayi biyu kawai muka sani, ko dai mutum lafiyarsa ƙalau ko kuma hauka tuburan, wanda yake bin bola yana tsince-tsince. Shi ya sa da ka ce wa uba ɗansa yana buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa sai ya ji kamar ka zage shi. Alhali tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai nisa, kuma yawancin ɗalibai masu matsala a tsakanin suke.

Akwai damuwa ta yau da kullum. Jarrabawa ta matso gabanka yana faɗuwa, ka samu kari-oba, wato kwas ɗin da ka faɗi sai ka maimaita, ka kwana biyu ba ka jin daɗin abinci, budurwa ta ce a haƙura. Wannan ba ciwo ba ne, rayuwa ce, kuma tana wucewa in abin da ya kawo ta ya wuce. Kaɗan daga cikinta ma ita take tashin mutum ya buɗe littafi.

Ciwon damuwa kuma, wanda yara suke kira difireshan, abu ne daban. Likitoci suna duba ko mutum ya kai aƙalla sati 2 kusan kullum ransa a jagule, ko ya daina jin daɗin duk abin da da yake so, ƙwallo ce ko hira ko karatun kansa, sannan ga rashin barci ko barcin da ya wuce kima, cin abinci ya canza, gajiya ba dalili, kasa riƙe abin da ya karanta, ganin kansa ba shi da wani amfani, wani lokacin har tunanin gara ya mutu ya huta. Ma'aunin shi ne daɗewa da kuma ko abin ya hana shi harkokinsa. Wanda ya ji haushin sakamako yau gobe ya fita kallon ƙwallo yana ihu, ba wannan ake nufi ba.

Akwai ciwon fargaba, mutum kullum cikin zullumi kamar wani mugun abu zai faru, wani har ya riƙa samun firgici farat ɗaya, zuciya na bugu numfashi na sarƙewa gumi na karyo masa ya ɗauka mutuwa ce ta zo, a kai shi asibiti a auna komai a ce lafiya lau. Akwai wanda ya ga tashin hankali da idonsa, abin ya riƙa dawo masa a mafarki da farke. Akwai mai hawa da sauka, sati guda ba ya barci yana ta surutu da manyan tsare-tsare yana rabon kuɗin da ba shi da su, bayan nan ya faɗi warwas. Sai kuma taɓin hankali na sosai inda mutum yake jin muryoyi ko ya haƙiƙance ana bibiyarsa. Wannan na ƙarshen kaɗai muka yarda ciwo ne, shi ma sai bayan an gama zagaye.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba, ɗan Arewa ba kasafai yake cewa raina a ɓace yake ba, jiki yake nunawa. Kaina yana zafi, ƙirjina ya yi nauyi, ulsa ta tashi, jikina ba ƙwari. Sai a je kemis a sayi maganin maleriya da taifot, wata mai zuwa a sake saya, a yi ta yi. Kuma wannan ba sabon abu ba ne, tun 1960 wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince da ya yi aiki a Najeriya ya rubuta bayani kan ɗaliban ƙasar nan masu kukan zafi a ka da wuya, ido na dishi-dishi, suna karatu ba ya shiga. Kenan masu cewa a zamaninmu babu wannan, akwai shi, suna ne dai ba a sa masa ba.

Me ya sa sai an shiga jami'a yake fitowa?

Iyaye da yawa suna cewa yaro lafiyarsa lau ya bar gida, makarantar ce ta lalata shi, ko an yi masa wani abu a can. Gaskiyar magana shekarun ne suka zo daidai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma kafin a kai tsakiyar shekaru ashirin da wani abu. To wane ne yake jami'a da foli da kwalejin ilimi? Ɗan shekara 17 zuwa 25. Ko a gida ya zauna ko a kasuwar Sheikh Gumi yake tsaron shago, wanda abin zai fito wa a wannan tsakanin zai fito masa.

Sai dai makaranta tana ƙara wa wutar fetur. Yaron da duk rayuwarsa ana tashinsa asuba, Umma ta san ya ci ko bai ci ba, yau ya tsinci kansa a Samaru, babbar harabar jami'ar ABU Zariya, cikin dubban mutane babu wanda zai lura in ya kwana uku bai fito daga ɗaki ba. Wanda a sakandarensu shi ne zakara, ya zo ya tarar da aji ɗaya mutum ɗari-ɗari, lakcara yana can gaba da ƙyar ake jiyo shi, ga turancin da ba a saba da shi ba, sakamakon farko ya fito ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ga wanda likitanci ya nema aka ba shi wani kwas da ko sunansa bai taɓa ji ba, ya karɓa don kar ya sake zaman JAMB, a gida kuma har yanzu ana kiransa dakta.

Barci kuma an mayar da rashinsa abin alfahari. Lokacin jarrabawa a kwana a aji har asuba, da kofi da goro da lemon ƙara kuzari, a yi haka kwana da kwanaki. Rashin barci shi kansa yana rage riƙe karatu, kuma ga mai ɗauke da irin ciwon hawa da saukan nan yana iya zama abin da zai tayar da shi gaba ɗaya.

Abin da ɗalibin Kaduna ya gani a 'yan shekarun nan

In ana wannan maganar a Kaduna dole a tuna me ya faru, don ba a sama yaran nan suke karatu ba. A 2020 ASUU ta yi yajin aikin wata 9 wanda ya haɗe da kullen korona. A 2022 aka sake, daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Yaron da ya shiga ABU da lissafin shekara 4 sai ga shi yana neman 6, sa'o'insa da suka tafi jami'o'i masu zaman kansu sun gama har sun yi bautar ƙasa, ƙanwarsa ta yi aure ta haihu shi yana nan ɗan makaranta. Kuma akwai agogon da yake bugawa a kansa, duk wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala takardar yafewa NYSC take ba shi, ga tallan aiki da yawa masu iyakance shekaru. Ga 'ya mace kuma agogon daban ne, kowace sallah sai an tambaye ta wai har yanzu bokon ne, yaushe za mu sha biki.

Sai tsaro. Ranar 11 ga Maris 2021 aka shiga kwalejin gandun daji ta Afaka, nan kusa da Mando, aka kwashi ɗalibai 39, wasunsu sun kusa wata biyu a daji. Wata guda bayan nan, 20 ga Afrilu, aka shiga jami'ar Greenfield a hanyar Abuja, aka kashe 5 daga cikin waɗanda aka ɗauka. A watan Yuni na shekarar aka kai hari folin Nuhu Bamalli a Zariya. Da aka sako yara an yi murna an yi addu'a, kuma ya cancanta, amma maganar abin da ya rage a zukatansu ba ta daɗe a bakin mutane ba. Ba ma su kaɗai ba, dubban da ba a taɓa su ba amma suka yi watanni suna kwana da takalmi a kusa, ƙarar salansar babur ta sa su zabura. Ga waɗanda suka fito daga Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru ko Zangon Kataf, suna lakca hankalinsu yana gida, duk kiran da ya shigo da dare sai gabansu ya faɗi kafin su ɗauka.

Aljihu da ciki

Wannan ɓangaren a ganina ya fi kowanne cin yara, kuma shi ne aka fi rainawa don kowa yana cikinsa. A 2021 kuɗin makarantar KASU, jami'ar jihar Kaduna, ya yi tsalle daga dubu ashirin da 'yan kai zuwa 150,000 har sama ga wasu kwasa-kwasan, aka yi zanga-zanga, wasu suka ajiye karatun. A Agustan 2023 gwamna Uba Sani ya rage, na 150,000 ya dawo 105,000, Nuhu Bamalli da kwalejin Gidan Waya aka zabge rabi. An samu sauƙi, sai dai ragin ya zo ne bayan cire tallafin mai a 29 ga Mayun shekarar, kenan abin da aka rage a can kuɗin mota da kwanon shinkafa sun cinye shi. Ɗalibin da yake tasowa daga Rigasa ko Sabo ko Kawo kullum zuwa makaranta, kafin ya yi tunanin handawut sai ya fara lissafin napep zuwa da dawowa, ranar da babu sai ya ce yau ba lakca alhali akwai.

Na hostal kuma sun san lissafin nan na 0-1-0 da 0-0-1, wato cin abinci sau ɗaya a rana, kuma ɗayan ma sau da yawa kwaki ne da ƙuli. Ɗaki na mutum huɗu ya koma na takwas saboda masu raɓewa, babu inda mutum zai keɓe ko kuka ya yi. Bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka buɗe a 2024 ya taimaki wasu, ana biyan kuɗin makaranta a kuma ba ɗalibi 20,000 a wata, amma kowa ya san inda 20,000 take tsayawa a kasuwar yau, kuma bashi ne, za a fara biya shekara 2 bayan bautar ƙasa.

Abin da ya fi yunwar nauyi shi ne sanin yadda aka samo kuɗin. Yaron ya san tunkiyar Umma aka sayar, ya san Baba ya ci bashi a wurin aiki, ya san shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a kuma ƙanne biyar suna kallonsa. To irin wannan ya samu kari-oba uku, da wane baki zai faɗa? Umma ta kira, ya karatu, ya ce Alhamdulillah Umma komai lafiya. In ya yi ƙarfin hali ya ce Baba ni fa abubuwa sun min yawa, amsar da zai ji ita ce me ka rasa, ci ko sha? Kuma Baban ba mugunta ce ta sa ya faɗa ba, shi ma haka aka rene shi, an koya masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka. Daga nan ne ake samun waɗanda an kore su tun aji biyu amma suna ci gaba da zama a Samaru ko Kongo, ɗaya harabar ABU, suna karɓar kuɗin makaranta, ba don damfara ba, don sun rasa ta inda za su fara. Ranar da ya kamata a ce sun gama ita ce ranar da ta fi kowace haɗari a gare su.

Wayar hannu ta ƙara nata. Cacar ƙwallo da ake shiga da sunan neman na abinci, manhajojin bashi masu tura wa duk lambobin wayarka saƙon tozarci in ka makara, ga kallon sa'anka a Instagram yana ɗaga makullin mota ba ka san ta ina ya samu ba.

Ƙwaya: ita ce sanadi ko ita ce mafaka?

Duka biyun. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabata, kuma a shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Mu nan ba sai an ba mu labari ba. Amma in aka kama ɗalibi da tiramol ko wiwi ko maganin barci, tambayar da ake yi ita ce su waye abokansa, ba a tambayar me yake gudu. Da yawa sun fara ne don su iya kwana karatu, ko don su samu barci, ko don gaban ya daina faɗuwa. Sai ƙwayar ta zama ciwo na biyu a kan na farko, wiwi kuma musamman mai ƙarfin nan na yanzu an tabbatar yana ƙara haɗarin taɓin hankali ga matashi. In ka raba shi da ƙwaya ka bar abin da ya kai shi, zai koma, shi ya sa ake ta kai yara gidan mari suna dawowa jiya i yau.

Malam ko likita?

Nan ne gardamar ta fi zafi. Ɓangare ɗaya suna cewa mumini ba ya shiga damuwa, wanda ya riƙe sallah da azkar babu abin da zai same shi, in kuma ya fara sambatu to aljanu ne ko sammu ko kambun baka, a kira mai ruƙiyya. Haka abin yake a wajen 'yan'uwa Kirista, a ce harin maƙiya ne a tafi wurin fasto a yi azumi da addu'a. Ɗaya ɓangaren kuma, 'yan boko, suna ganin duk wannan camfi ne, a bar wa asibiti.

Na farkon suna da gaskiya a abu ɗaya, imani da jama'a garkuwa ne na gaske, ɗalibin da yake da mutane a ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ko ta Kirista ta FCS waɗanda za su neme shi in ba su gan shi ba ya fi wanda ba shi da kowa. Inda suka kauce shi ne mayar da ciwo hukunci a kan imanin mutum. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, yana cikin suratu Yusuf, kuma a tarihin Manzon Allah (SAW) akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Fiye da shekara dubu da ta wuce malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya riga ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda yake saukar wa mutum haka kawai, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana son magani. Kenan ba Turawa ne suka kawo mana zancen ba. Babu mai ce wa mai ciwon suga ya ajiye allurarsa tunda yana sallar dare, addu'ar ake yi ana shan maganin.

Su kuma 'yan bokon, raina malamai da suke yi ba ya kai su ko'ina, don duk abin da za a faɗa wurin malam ko fasto za a fara zuwa. Farfesa Adeoye Lambo ya gane haka tun shekarun 1950 a Aro ta Abeokuta, inda ya riƙa sauke marasa lafiya a ƙauyukan kusa tare da danginsu yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. Malamin da ya san iyakarsa, ya yi addu'a ya ce ku wuce asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ya fi likita goma amfani a unguwa. Wanda ake tsoro shi ne mai duka da ɗauri da hayaƙi, kuma mutanen Kaduna ba su manta da Satumbar 2019 ba lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa, yawancinsu kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu don sun rasa yadda za su yi.

Masu kiran komai difireshan su ma suna da laifinsu. In kowa ya ce yana da shi, ranar da mai shi na gaske ya buɗe baki dariya za a yi. Kuma bidiyon minti ɗaya a TikTok ba ya gano ciwo.

Ita makarantar fa?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne makaranta ce take fara ganin alamar kafin kowa, a rubuce ma. Yaron da yake da CGPA, wato jimillar maki, mai kyau a aji ɗaya da biyu, farat ɗaya ya daina zuwa lakca, ya ƙi rubuta tes, sakamako ya rikito. Wannan yana gaban jami'in jarrabawa da mai ba aji shawara. Amma tsarin bai san komai ba sai gargaɗi sannan kora, ba wanda aikinsa ne ya kira shi ya ce zo nan, lafiya kuwa? Manyan makarantu suna da sashen ba da shawara da asibitin cikin makaranta, ɗalibai kuma suna biyan kuɗin inshorar lafiya ta TISHIP cikin rajista, sai dai da yawa har su gama ba su san inda ofishin shawarar yake ba, waɗanda suka sani kuma suna tsoron maganar ta fita.

Lakcarorin ma a yi musu adalci, mutumin da yake da takardun ɗalibai ɗaruruwa da zai duba, ga furojet ɗin mutum ashirin, albashi bai kai ƙarshen wata, shi kansa yana buƙatar mai tambayarsa. Amma wannan ba uzuri ba ne ga masu jin daɗin cewa a maki A ta Allah ce B tawa ce, ko mai riƙe furojet ɗin yarinya sai ta biya da abin da ba kuɗi ba. Yarinyar da ta faɗa hannun irin wannan ba ta iya faɗa a gida, don maganar farko da za ta ji ita ce to a dawo gida a yi aure.

Doka, asibiti, da abin da ya rage wa talaka

A Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawa, wadda ita kusan tsare mutum kawai ta sani. Sabuwar ta ba mara lafiya haƙƙin sirri da haƙƙin kada a nuna masa wariya, ta kuma taƙaita ɗaure mutum da killace shi. Amma ba ta goge laifin yunƙurin kashe kai ba, wanda tsohuwar dokar laifuka ta Arewa, Penal Code, ta sa wa ɗaurin da zai iya kai shekara guda. Likitoci sun daɗe suna cewa wannan yana sa iyali su ɓoye maimakon su kai asibiti. A duniya kuwa kashe kai yana cikin manyan abubuwan da suke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasu ma suna ta ficewa waje. Duk da haka Kaduna tana cikin masu sa'a in aka kwatanta da maƙwabta, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, ga sashen a asibitin koyarwa na ABU, ga Barau Dikko a tsakiyar gari. Matsalar sunan ne, da an ce Barnawa sai a ce asibitin mahaukata, uwa tana lissafin wa zai auri 'yarta in aka ji. Alhali yawancin masu zuwa can ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida a ranar, wasu ma ba magani ake ba su ba, zaman tattaunawa ne da masani. Maganin ciwon damuwa kuma ba irin tiramol ba ne da yake bugarwa, yakan ɗauki sati 2 zuwa 4 ko fiye kafin a ji canji, kuma ba a yanke shi farat ɗaya don an ji sauƙi, nan ne mutane da yawa suke kuskure.

Ga gidan talaka lissafin a fili yake, jinkiri ya fi tsada. Kuɗin kemis na wata da watanni, kuɗin masu magani, sannan asarar shekara uku ta kuɗin makaranta in aka kore shi. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne ana iya jingine semesta ko shekara saboda rashin lafiya, a rubuta ta hannun shugaban sashe a haɗa da takardar likita wadda asibitin makarantar ya amince da ita. Amma ana yi ne kafin jarrabawa ko a kan lokaci, in an bari sakamako ya fito da F jere sannan aka zo da takarda, abin yana wuya.

Abokin ɗaki kuwa shi ne yake gani kafin Umma da likita. In ka ga ya daina wanka, ya daina fita, yana raba kayansa, yana yawan cewa ku yafe ni ko na gaji da duniyar, kar ka tsaya wa'azin wuta kuma kar ka mayar da shi wasa. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa, bincike ya nuna tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kar a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibitin makaranta ko a ranar ne da dare, sannan a kira wani babba a gidansu wanda ya fi sanyin hali, ko yaya ne ko kawu ko gwaggo, ba lallai sai Baba ne zai fara ji ba. Ko ya sa ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba, wannan ba ya cikin sirrin da ake riƙewa.